Daga Hannun Wa Ya Fito? Yadda Ake Tara Littattafan da Shahararren Marubucin Labaran Bincike Ya Taɓa Mallaka

Akwai wani dattijo a shiyyarmu, can kusa da Hubbare, wanda in ka kai masa tsohon littafi ba ya fara karanta abin da ke ciki. Zai zare shi daga gafaka, ya duba warƙar farko, ya juya ta ƙarshe, ya kai ta daf da ido, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, wanga littahi daga hannun wa yah hito?" In ka ce wane ya gada daga wane, shi kuma ya karance shi a gaban malam wane, sai ya gyara zama. In ka ce a kasuwa ka tsince shi, sai ya mayar da shi gafaka ya miƙo maka, ya sa maka albarka, hira ta koma kan damina.

Na daɗe kafin in gane cewa tambayar nan tasa ita ce jarin duk mai son harkar da zan yi bayani. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1980 mun tashi da littattafan James Hadley Chase, ana karɓar haya, ana miƙawa ta ƙarƙashin benci, in bango ya yage a ɗinke da zare a ci gaba. Daga baya wasunmu suka koma kan Agatha Christie da Conan Doyle, su ma marubutan labaran bincike ne na Birtaniya. Da girma ya zo, sai sha'awata ta tashi daga abin da mutanen nan suka rubuta ta koma kan abin da suka karanta, wato littafin da ya kwana a kantar ɗakinsu, wanda suka ja wa layi da fensir ko suka naɗe kunnen shafinsa. Ana iya neman irinsa daga Sakkwato, in an bi a hankali.

Tun farko a raba abu uku da ake yawan cuɗawa. Akwai bugun farko na littafin da marubucin ya wallafa. Akwai wanda ya sa wa hannu ya ba wani kyauta. Sai kuma wanda shi kansa ya mallaka, ko da wani ne ya rubuta shi, ko da ƙamus ne ko littafin girki. Na ukun nake magana a kai. Takardarsa ba ta fi ta sauran dubban 'yan'uwansa da aka buga tare da shi ba. Abin da ya bambanta shi kawai shi ne hannun da ya riƙe shi, don haka duk kuɗin da za ka biya, kuɗin hujjar wannan hannun ne.

Mataki na farko: tsayar da mutum ɗaya, ka san rayuwarsa kamar ta maƙwabcinka

Kada ka ce za ka bi marubuta biyar lokaci guda. Aljihu ba zai ɗauka ba, ƙwaƙwalwa ma haka. Zaɓi ɗaya, ka sayi littafin tarihin rayuwarsa mai araha, ka karanta da biro a hannu, ka fitar da jadawali: yaushe aka haife shi, wane suna yake amfani da shi a wace shekara, waɗanne gidaje ya zauna, wa ya gaje shi.

Ga misalin amfanin wannan. An haifi Agatha Christie a Torquay a 1890, sunan gidansu Miller. Sunan Christie ya zo ne da aurenta na farko a 1914. Auren ya mutu a 1928, ta auri Max Mallowan, masanin tonon kufai, a 1930. Ta rasu a Janairun 1976. Da wannan ɗan jadawalin kaɗai ka sami mataci. In an nuna maka littafi da aka rubuta "Agatha Mallowan, 1925" a cikinsa, ka san ƙarya ce, domin a shekarar ba ta ma haɗu da mijin ba. In an rubuta "Agatha Christie, 1910", ita ma ƙarya ce.

Sanin rayuwa yana kuma nuna maka irin littafin da ya dace da kantar mutum. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na farko, a nan ta san guba. Ta bi mijinta wuraren tono a Iraƙi da Siriya shekara da shekaru. Littafin magunguna ko na tarihin Mesofotamiya bai zama baƙo a ɗakinta ba. Shi kuwa Chase, sunansa na yanka René Raymond, an haife shi a Landan a 1906, ya rasu a Suwizalan a 1985, kuma sananne ne cewa da taswirori da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya gina labaransa na Amurka. Mutum bai cika rubuta sunan aro a littafin da ya saya don kansa ba. Saboda haka mai bin sawun Chase ya riƙa sa ido kan sunan Raymond.

Mataki na biyu: gano inda littattafan suka watsu

Ɗakin karatun mamaci hanya uku yake bi: ko magada su riƙe, ko a ba wata cibiya, ko a kai gwanjo. Abin da ya shiga cibiya ya fita daga kasuwa ke nan. Takardu da kayan ɗakin aikin marubuci Erle Stanley Gardner suna cibiyar Harry Ransom ta Jami'ar Texas a Austin. Marubuci Georges Simenon ya ba Jami'ar Liège ta Beljiyam takardunsa tun yana da rai. Gidan hutun Christie mai suna Greenway, a yankin Devon, wanda ta saya a 1938, yana hannun ƙungiyar National Trust mai kula da gidajen tarihi tun 2000, an buɗe cikinsa ga masu ziyara a 2009, da littattafan da ke kan kantocinsa. Duk wanda ya ce maka yana da littafin da ya fito daga irin waɗannan wurare bayan sun shiga hannun cibiya, to ko maƙaryaci ne ko kayan sata yake talla. Ka yi nesa da shi.

Ƙofar da ta rage maka ita ce gwanjo. A 2006 wani gidan gwanjo a Exeter mai suna Bearne's ya sayar da ɗaruruwan kayayyaki daga Greenway. A 2004 gidan gwanjon Christie's na Landan ya sayar da tarin takardun Conan Doyle. Wannan gidan, a lura, ba shi da wata dangantaka da marubuciyar, suna ne kawai ya zo ɗaya. Kowane irin wannan gwanjo yana da kundi da aka buga, mai lambar kowane kaya da bayaninsa. Wannan kundin shi ne abu na farko da ya kamata ka kashe wa kuɗi, kafin kowane littafi. Tsofaffinsa suna fitowa a shafukan saye da sayarwa na AbeBooks da eBay, kuma manyan gidajen gwanjo suna barin sakamakon cinikinsu na baya a intanet.

Mataki na uku: salsala

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ake cin riba, nan ne kuma ake tafka asara.

Basakkwace ba ya buƙatar a koya masa mene ne salsala. Garin da ijaza take tafiya da sunan malami bayan malami har zuwa mawallafi, garin da marigayi Waziri Junaidu ya tara rubuce-rubucen magabata har aka sa wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha sunansa, ya san cewa magana ba ta tsayuwa sai da isnadi. Wannan ma'aunin za ka ɗauka ka ɗora a kan littafin Bature. Daga hannun marubucin zuwa hannun mai sayar maka, kowane hannu sai an ambace shi, kuma kowane sauyin hannu sai da takarda.

Hujjoji ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi shi ne a sami abu biyu ko uku sun haɗu: sunan marubucin da rubutun hannunsa a warƙar farko, bayanansa a gefen shafi, da lambar kaya a kundin gwanjon magadansa wadda ta ambaci wannan littafin da sunansa, tare da rasidin wanda ya saya a ranar. Mai bi masa shi ne littafin da wani marubuci ya ba shi kyauta ya rubuta "zuwa ga wane", domin a nan kana da hannu biyu da za ka iya gwadawa. Sai 'yar takardar mallaka da Turawa ke mannawa a cikin bango, mai ɗauke da suna ko tambarin mai littafi. Ita kaɗai ba ta isa ba. In mutum ya mutu ana samun ragowarta a aljihun teburinsa, damin guda, kuma ba abin da ke hana wani ya saye su ya bi littattafan banza yana mannawa. Mafi rauni duka ita ce takardar shaida mai ƙawataccen hatimi da mai sayarwa ya buga da kansa yana cewa kayansa na gaskiya ne. Wannan daidai take da mai tallan fura ya rantse furarsa ta yau ce.

Akwai tarko ɗaya da ko masu gaskiya ke faɗawa. Littafin da ya fito daga gidan marubuci ba lalle na marubucin ba ne. Greenway gidan iyali ne. 'Yar Christie, Rosalind, da mijinta Anthony Hicks sun zauna a cikinsa har rasuwarsu a 2004 da 2005, kusan shekara 30 bayan mutuwar uwar. Kowa a gidan yana sayen littafi. Don haka kalmar "daga Greenway" tana nufin daga gidan, ba ta nufin daga hannunta. In littafin an buga shi a 1983, ba sai an gaya maka ba. In an buga shi a 1935 kuma ba rubutun kowa a ciki, to abin da kake da shi littafin gidan ne, ka biya kuɗin littafin gida, ka kuma rubuta shi haka a kundinka. Ba laifi ba ne mallakarsa, ni ma ina son irinsa. Laifin shi ne ka kira shi da sunan da ba nasa ba.

Haka kuma ka kula da manyan kulli. A gwanjon gida akan haɗa littafi 20 ko 30 a kwali ɗaya, kundi ya ce "littattafan tafiye-tafiye, kwali ɗaya", ba tare da jera sunaye ba. Wanda ya sayi kwalin yana iya ƙara nasa a ciki ya ce duk daga can suke. A irin wannan sai ka nemi wata alama a jikin littafin kansa.

Ga tambayoyin da nake aika wa kowane mai sayarwa ta imel, ba na ragewa: daga wurin wa ka saya, a wace shekara? Shi kuma daga ina? In gwanjo ne, wane gida, wace rana, lamba nawa? Kana da rasidi? Za ka rubuta wannan bayanin a rasidin da za ka ba ni? In daga baya ya tabbata ba haka ba ne, za ka mayar mini da kuɗina? Mai gaskiya yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba. Wanda ya fara cewa akwai wasu mutum uku suna jira, ka hanzarta, ka bar musu.

Mataki na huɗu: sa littafin ya yi magana da bakinsa

Nemi hotuna masu kyau: bango gaba da baya, gadon bayansa, shafin suna, bayan shafin suna inda ake rubuta shekarar bugu, da kowane rubutun hannu daga kusa, ɗaya a miƙe ɗaya da haske ta gefe. Sannan ka gwada su da abin da tarihi ya tabbatar.

Biro bai shiga kasuwar Ingila da Amurka ba sai wajen 1945. Lambar ISBN, wato lambar shaida da ake buga wa kowane littafi, ta fara aiki a 1970, bayan wata mai kama da ita da Ingila ta fara a 1967, kuma mai lamba 13 sai 2007. Zanen layukan nan da na'ura ke karantawa a bayan littafi ya yaɗu ne a shekarun 1980, bayan mutuwar Christie. Ingila ta bar lissafin sule da sisi ranar 15 ga Fabrairu 1971, kamar yadda muka bar shi muka koma naira a 1973. Saboda haka rigar takarda da ke lulluɓe da bango, in ta shekarun 1930 ce, za ka ga farashi irin 7/6, wato sule bakwai da sisi. Ka sani kuma akwai rigunan da ake sake bugawa yanzu da kamannin na da, har ma da littattafan da aka sake fitarwa da siffar bugun farko. Bayan shafin suna shi ke tona su.

Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Wata shekara na ga wani littafin tarihin Gabas ta Tsakiya a wani shafin saye da sayarwa, da sunan Christie a ciki da shekarar 1938, ga takardar shaida mai jan hatimi. Farashin ya yi sauƙi, zuciyata ta riga hankalina. Da ya iso na zauna da shi a zaure bayan la'asar, hasken rana yana shigowa ta gefe, sai na ga rubutun ya yi kwari a jikin takarda, na shafa bayan warƙar na ji tudunsa a yatsana. A wurin lanƙwasar harafin farko tawadar ta tsallake ta bar ɗan fari, sannan ta taru ta yi ɗigo. Aikin biro ne. Alƙalamin tawada ba ya huda takarda haka, layinsa yana kauri yana sirancewa, kuma tawadarsa tana shiga cikin takarda ta dushe da shekaru. Na rubuta wa mai kayan sau huɗu, bai amsa ba, bayan mako biyu shagonsa ya ɓace daga shafin. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin kuɗin na wata uku ne ina tarawa. Littafin yana nan, na sa masa takarda na rubuta abin da ya faru, don kada wani ya ruɗu da shi bayana.

Game da rubutun hannu, tara hotunan sa hannun marubucin na gaskiya daga kundayen manyan gidajen gwanjo, ka jera su bisa shekaru, domin hannun ɗan shekara 30 ba shi ne na ɗan 80 ba. Mai kwaikwayo yana zana suna ne a hankali, sai layin ya riƙa rawa, ya tsaya inda bai kamata ba. Mai suna kuwa wucewa yake yi da gudu. Kuma in sa hannu biyu sun yi daidai kamar an ɗora ɗaya kan ɗaya, to ɗayan kwafi ne.

Mataki na biyar: wurin wa za ka saya

Ga mai farawa, dillalan tsofaffin littattafai masu ƙungiya sun fi aminci. A Ingila akwai ABA, wadda aka kafa a 1906, a Amurka akwai ABAA tun 1949, dukansu kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar duniya ta ILAB. Ƙa'idarsu ta wajabta wa ɗan ƙungiya ya tsaya a bayan bayanin kayansa, ya karɓi abinsa in bayanin ya zama kuskure. Sun fi tsada, amma araha ba ta ado. Shafin viaLibri yana bincika kantuna da yawa lokaci guda, kuma kana iya barin sunan marubucinka a can a riƙa sanar da kai in wani abu ya fito.

Tunda da Turanci ake tallan, sai ka riƙe kalmominsu. Rubuta sunan marubucin tare da "from the library of" ko "association copy" ko "provenance". In ka ga "attributed to" ko "said to be" ko "by repute", mai kayan yana gaya maka a fakaice cewa ji ya yi, bai gani ba.

Wani zai ce, a nan gida fa? A Tsohuwar Kasuwa da wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin titi ana tsintar tsofaffin bugu da malaman makaranta da ma'aikatan zamanin Turawa suka bari, wasu da sunan mai su da shekara. Ba za ka sami kantar Christie a can ba, amma wuri ne mai kyau na horar da ido da kuɗi kaɗan: ka koyi bambance tawada, ka san warin tsohuwar takarda, ka ga yadda hatimin laburare yake. Wanda ke da hatimin makaranta ko laburare ba tare da alamar an sallame shi ba, ka bar shi, haƙƙin jama'a ne.

Mataki na shida: gwanjo da lissafinsa

Yi rajista da gidan gwanjo kwanaki kafin ranar, domin za su nemi fasfo da shaidar adireshi, wani lokaci da ajiyar kuɗi. Nemi rahoton lafiyar littafin a rubuce, kyauta ake bayarwa. Tanadi hanyar biya tun kafin ka taya, ko asusun kuɗin waje a bankinka ko ɗan'uwa amintacce a can, saboda wa'adin biya gajere ne kuma tayin da guduma ta faɗa a kansa ya zama bashi a wuyanka.

Farashin guduma ba shi ne abin da za ka biya ba. A ce an sallama maka a fam 400. Gidan gwanjo zai ɗora la'adarsa, wadda ta kan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye, ka ga fam 100 ke nan. In ta wani shafi na daban ka taya, shi ma yana da 'yan kasonsa. Ga ɗauri da jigila da inshora, a ce fam 60. Ga kuɗin banki, ga canjin ranar. Abin da ka taya a 400 ya tasar wa 600. Saboda haka daga sama ake fara lissafi: nawa zan iya fitarwa gaba ɗaya da naira, ba tare da na taɓa cefane da kuɗin makarantar yara ba? Daga nan ka cire duk waɗancan, abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Rubuta shi a takarda. Ni na fi son in bar musu iyakata tun kafin ranar su taya a madadina, saboda intanet na iya yankewa ana tsakiyar ciniki, kuma zafin gwanjo yana sa mai hankali ya wuce gona da iri. Abu ɗaya kuma da malamanmu suka yi hani da shi: kada ka taya abin da ba ka nufin saye don kawai ka tsadar wa wani. Najashu ke nan, ko a Kara ko a Landan.

Mataki na bakwai: kawo shi gida

In kayan ya haɗa da wasiƙa ko rubutun hannu da ya haura shekara 50, fitar da shi daga Ingila na iya buƙatar lasisi daga hukumar Arts Council England. Tambayi gidan gwanjon tun kafin ka taya, su suka saba nema. A naɗe littafin a takarda, a sa a leda saboda ruwa, a sa a kwali mai ƙarfi, da lambar bibiya da inshora. In kana da ɗan'uwa mai dawowa, ya riƙo shi a jakar hannu, kada ya shiga cikin manyan akwatuna. Ranar da ya iso, ɗauki bidiyo tun daga yanke ɗaurin.

Mataki na takwas: riƙe shi a Sakkwato

Littafin nan ya shekara 80 a ƙasar sanyi, yanzu ya zo garin da zafin bazara ke haura 40 a ma'auni. Masu adana littattafai suna son sanyi wajen 18 zuwa 20, da laima tsakanin kashi 40 zuwa 50. Ba mu da wannan, kuma ba sai mun yaudari kanmu da na'urar sanyaya ɗaki da wuta ke ɗaukewa sau biyar a yini ba. Hawa da saukar nan ya fi zafi mai ɗorewa ɓarna, domin takarda da bango suna kumbura suna motsewa har gam ya saki. Nemi ɗaki na tsakiyar gida wanda rana ba ta dukan bangonsa, nesa da madafa da banɗaki, ba ƙarƙashin kwano tsirara ba.

Kowane lokaci da nasa sharri. Hunturu yana busar da takarda ta yi ƙarau, ƙura kuma ta shiga ko'ina, saboda haka a wannan lokacin kada ka buɗe littafin ya baje, tallafe bangayensa da matashi. Damina tana kawo laima da hunhuna, musamman a Agusta. Kada ka ƙulle littafi cikin leda a lokacin, gumi zai yi a ciki. Sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani a cikin kabad ɗin, ba a jikin littafin ba.

Babbar abokiyar gaba ita ce gara. Na ga akwatin katako da aka jingina da bango shekara ɗaya, daga waje lafiya lau, da aka buɗe sai ƙasa da gutsattsarin haruffa. Yi amfani da kabad na ƙarfe, ka ɗaga shi daga ƙasa kan bulo, ka janye shi taƙi ɗaya daga bango yadda za ka iya leƙa bayansa da tocila kowace Juma'a. Kyankyaso yana lasar gam ɗin bango, ɓera kuwa gefe yake ci. A yi maganinsu a ɗakin, amma kada a fesa komai a kan littafi, ko fiya-fiya ko turare. Busasshen ganyen dogon yaro da iyayenmu ke sawa a akwati, a ƙulle shi a ƙyalle a ajiye a kusurwa, in ya shiga tsakanin shafuka tabo yake bari.

Kada ka gyara komai. Ba salatif, ba gam, ba lamineshin, ba goge rubutun fensir, ba cire tikitin jirgin ƙasa ko busasshiyar fure da ka tarar a ciki. Wannan tikitin yana iya zama hujjar da ta fi sa hannu. Rubuta shafin da ka same shi, ka bar shi a ambulan tare da littafin. Kuma kada sha'awa ta sa ka sake masa bango, ko da da jar fatar akuyarmu ce, wadda ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, masu ɗinkin littafinsu kuma suke ji da ita har yau. Tsohon bangon da ya goge shi ne wanda marubucin ya taɓa. In kana son aikin Madunka, kai musu awo su ɗinka maka gafaka ko akwati daidai jikinsa, ka naɗe littafin a farin yadin auduga wankakke kafin ya shiga, don kada jima da rini su taɓa takarda. Jarida ba abin naɗi ba ce, tana sa takarda ta yi ja.

Mataki na tara: shigar da kanka cikin salsala

Sami kundi mai bango mai ƙarfi, kowane littafi da shafinsa. Rubuta sunansa, shekarar bugu, alamomin da ke jikinsa da lambar shafinsu, hannayen da ya bi ɗaya bayan ɗaya, ranar da ka saya ta Hijira da ta Miladiyya, nawa ka biya da fam da naira. Inda salsalar ta yanke, rubuta cewa ta yanke daga shekara kaza zuwa kaza. Buga imel ɗin da kuka yi da mai sayarwa a takarda, ka haɗa da rasidi da hoton shafin kundin gwanjo a fayil ɗaya, ka ajiye kwafinsu a waya da kuma wani gida daban. Sunanka kuma ka rubuta shi da fensir a 'yar takarda daban ka saka a gafakar, ba a jikin littafin ba.

Sannan ka zaunar da mutum ɗaya a gidanka, uwargida ko babban ɗa ko 'yar da ta fi son karatu, ka buɗe kabad ɗin a gabansa, ka nuna masa kundin da fayil ɗin, ka gaya masa wane dillali za a tuntuɓa in an tashi rabon gado. In kuma nufinka littattafan su zauna wuri ɗaya a matsayin waƙafi ga wani ɗakin karatu, je ka ga masu wurin tun yanzu, ka duba inda za su ajiye su, a rubuta da shaidu biyu.